Ƙugiyar da Muke Rataye Salka

A ɗakinmu na Makka akwai ƙugiya mai tsawon tafin hannu, a jikinta muke rataye salka. Kakana ya taho da ita daga Yawuri, a ƙafa.

Wata azahar aka sheƙa ruwa har lungunmu ya koma rafi. Ya sauke salkar, ya ɗaura wa ƙugiyar igiya, ya jefa daga bakin ƙofa.

Na ce, "Kaka, ai ba kifi."

"Na sani. Giwan ruwan da na kama da ita ya fi ubanki tsawo. Riƙe ki ji."

Na riƙe, ruwan yana fizgar igiyar. Kafin la'asar ya janye.

Yau na wuce shekarun Kaka. Ban taɓa ganin kogi ba, amma na san yadda yake ja.