Matakalar da Ba Ta Kuka

Kwana tara ke nan tana saman bene, babu hanyar sauka.

Ranar Litinin da safe, tana wanka, mijinta ya ɓalle matakalar gidan gaba ɗaya. Da ta fito sai ta tarar da rami a inda mataki goma sha huɗu suke. Daga ƙasa ya ɗaga murya ya ce kwana biyu kawai. Kafinta ne, shekara talatin da biyar yana sana'ar, kuma ta sha ganin ya gama irin wannan aiki a gidajen mutane kafin la'asar ta washegari.

Dalilinsa a fili yake. Mako guda kafin nan ya zame daga mataki na bakwai ya fasa goshi, ya ce katakon ne ya cinye. Ba ƙarya ya yi ba, matakalar ta tsufa. Kowane mataki da irin kukansa, har mijin yakan gane mai saukowa tun daga falo, ya yi masa magana kafin ya iso.

Akwai tsani, amma gwiwarta ta daina yarda da tsani tun aikin da aka yi mata. Shi kuwa bai hau ko sau ɗaya ba. Abinci a bokiti yake zuwa, ta ja da igiya. Duniyarta ta koma ɗaki ɗaya, banɗaki, da tagar da ke kallon bangon maƙwabta.

"Kafinta, yau mataki nawa?"

"Ɗaya da rabi, ranki ya daɗe, sarauniyar sama."

"Kunkuru zan ɗauka aiki, ya fi ka sauri."

Sai ya yi dariya, ya ci gaba.

Ita ba dariya ce a gabanta ba. 'Yarsu ɗaya tilo tana watan haihuwa, cikin fari, kuma ta yi mata alkawarin ko ana ruwan duwatsu tana gefenta ranar. Kullum 'yar sai ta kira ta tambaya, kullum sai ta ce saura kaɗan.

Daga ƙasa ya faro aikin, don haka ramin yana ta ɓangarenta. Takan zauna a bakinsa ta zuba wa ƙeyar mijin ido. Bai kunna zarton lantarki ba, wai ya lalace. Da na hannu yake yanka, a hankali. Tef ɗin awonsa yana nan a kan tagarta, bai nema ba, da wani sanda da ya yanka yake gwada komai. Kowane katako sai ya bi shi da tafin hannu daga wannan gefe zuwa wancan, kamar mai rarrashin yaro. Ƙwan fitilar wurin ya mutu tun rana ta uku. Ta yi magana, ya ce zai canza.

A rana ta bakwai ta fara zargin da gangan ne. Ta zauna ta lissafa duk abin da ta taɓa yi masa, ba ta ga wanda ya kai a ɗaure ta ba. Ta ce ya kira wani kafinta ya taya shi. A karon farko tun aurensu ya daka mata tsawa, ya ce babu wanda zai shigo ya tsaya masa a ka.

Rana ta goma sha ɗaya, da hantsi, ya kafa mataki na ƙarshe da katakon riƙewa a gefe biyu. Ya ce kada ta taka sai gam ya bushe, zuwa yamma.

Da azahar surukinsu ya kira. Naƙuda ta tashi, suna hanyar asibiti.

Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta ɗauki jaka, ta riƙe takalmi a hannu, ta ɗora ƙafa. Katakon ya karɓe ta shiru. Na biyu ma haka. Ko na bakwai, wanda a da ƙararsa ke tada barci, bai ce uffan ba. A ƙarƙashin katakon riƙewar yatsunta suka ci karo da 'yar tsaga, ɗaya daidai kowane mataki, biyu a na ƙarshe.

Ta tsaya a ƙasa tana maida numfashi. Ƙofar gida a buɗe take, rana ta cika falon.

Ya fito daga kicin da wayarsa a hannu, ɗayan hannun yana bin bango. Ya zo ya tsaya dab da ita, har tana ganin garin katako a girarsa. Ta buɗe baki za ta yi magana.

Ya ɗaga kai, idanunsa a buɗe, ya ƙwala kira zuwa saman bene: "Sarauniya, sauko a hankali, ina nan ina kallonki!"