Hancin Mai Tsire

Da 'yarsa ta manna wani abu kamar filasta a jikin naman, mai tsiren unguwar Briqueterie ya ɗaure fuska. Shekarun da ta kwashe a jami'a tana binciken ƙwayoyin maganaɗisu waɗanda ido ba ya gani, ashe namansa za ta gwada?

"Baba, in ya yi ja, nama ya lalace. In kore ne, ka gasa."

Tun ciwon korona hancinsa ya mutu. Bai faɗa wa kowa ba, kullum cikin fargaba yake gashi.

"Wa ya gaya miki?"

"Ran da tsire ya ƙone a bayanka, ba ka waiwaya ba."

Abin ya yi kore.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce, yana share ido, wai hayaƙi ne. Ko wuta bai hura ba.