Ƙwaya Biyu a Kunun Yari

"Wa ya ninka masa maganin nan?" likita ya tambaya, yana nuna ƙafafun Yari da suka kumbura suntum. "Ƙodarsa ta daina aiki."

Basira ta dafe ƙirji. "Wallahi biyu nake ba shi, likita. Ɗaya da safe, ɗaya da yamma, yadda kuka ce."

Ba ƙarya ta yi ba. Tun da aka gano ciwon hanta a jikin mijinta, aka rubuta masa maganin da ke yaƙar ƙwayar cutar, yana ƙara wa jiki ƙarfi, Yari ya rantse a gaban manoman Dabai cewa ba shi ba maganin asibiti, sassaƙen kakansa ya ishe shi. Basira ba ta ja da shi ba. Sai ta riƙa niƙa ƙwayar tana zuba masa a kunu. Wata uku cur bai gane ba.

Ranar Laraba aka kai shi makwancinsa.

Ranar addu'ar uku, Boniface mai kemis a kasuwar Zuru ya zo gaisuwa, ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Sannu da haƙuri, Mama. Oga Yari ya yi ƙoƙari. Ko sau ɗaya bai fasa sayen maganin hantarsa a wurina ba. Kullum biyu, a gona yake sha."

"A gona?"

"E. Ya ce kada in gaya miki. Wai kunya yake ji ki san ya karya rantsuwa."

Basira ta juya a hankali. Kwanon kununsa yana nan a kife, inda ta wanke ta ajiye.