Hannun da Ɗan Tsirkiya Ya Tsana

Tun daga bakin matattakala Ɗan Tsirkiya ya ji jitar, ya tsaya cak da jakarsa a kafaɗa. Wani ne ke kaɗawa a sifikun situdiyo, sautin yana numfashi kamar mai rai. In makaɗin ya lallaɓa tsirkiya sai ta yi raɗa, in ya danne ta sai ta yi kuka.

Ya leƙa. Babu kowa sai Injiniya, mai haɗa musu sauti, zaune gaban kwamfuta yana kaɗa ƙafa. Ashe ɗauka ce, kiɗan da aka naɗa, aka kunna.

"Ta cikin na'urar da kake zagi aka yi wannan," in ji Injiniya, ya nuna ƙaramin akwatin da ke ƙasa. "Ka ji abin da take yi in ta samu hannun da ya saki jiki?"

Ɗan Tsirkiya bai tambayi hannun waye ba. Girman kai bai bar shi ba, kuma a ganinsa ai ya sani.

Tun yana saurayi yake kaɗa jita da wata tsohuwar amfilifaya, na'urar ƙara sauti mai kwalabe a ciki, mai nauyi kamar buhun siminti, wadda sai ta ɗumama take magana. Da ta fara ciwo, yau hayaƙi gobe shiru, sai Anti, mawaƙiyar da ke jagorantar ƙungiyar, ta sayo wannan akwati mai kwaikwayon muryar kowace amfilifaya. Ya yi ta fama da shi. Ya rage ƙarfin shigar sauti, ya cire abin kunne ya ajiye sifika a gabansa don iska ta riƙa dukan ƙirjinsa, ya sauya waya, ya murɗa duk abin da ke murɗuwa. Kullum dai ji yake kamar yana shafa fuskar ɗansa da safar hannu.

Sau ɗaya ya samu sa'ida, ranar da aka dawo da tsohuwar daga wurin gyara. Injiniya ya jona masa wayoyin da kansa, fitilarta ta kama ja, shi kuwa ya rufe ido ya yi ta kaɗa duk abin da ya zo masa har yatsunsa suka yi zafi. Ko gurnanin nan da ta saba yi babu. Ya yaba wa mai gyara. Washegari aka ce masa ta sake mutuwa.

A tsakanin nan ne Anti ta ɗauko makaɗi na biyu, wani mai fara'a da ake kira Mai Gilashi, wanda bai taɓa riƙe amfilifaya mai kwalabe ba, kuma bai ga abin kuka a akwatin ba. Sai ya jona, ya danna, ya kaɗa.

To ga shi yanzu, a ganinsa Mai Gilashin ne ya kaɗa wannan ɗaukar. Anti ta saurari ɗaukar, ta ce da ita za a buɗe sabon faifai. Mai ganga ya tura ta wayarsa yana ji a mota. Ɗan Tsirkiya ma ya karɓa, wai don ya ji kurakurai.

Ya kuwa same su. Makaɗin yana jan ƙafa a bayan kiɗa. Yana jan tsirkiya sama ya riƙe ta tana rawa kafin ya sake, kuma wannan salo kowa a garin ya san na waye. Sata ce ƙiri-ƙiri. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ɓarawon ya fi shi iyawa. A wurin cin abinci matarsa ta ji sautin daga wayarsa, ta ajiye cokali.

"Baban yara, wannan kamar kai lokacin da kake zuwa zance."

"Kamar ni," ya ce, ya ture kwanon.

Ya daina amsa gaisuwar Mai Gilashi da kyau. In mutumin ya ce, "Yaya, koya mini wancan jan da kake yi," sai ya ji kamar ya kwaɗa masa jita a ka. Ka gama kwashewa, sannan ka zo kana yi mini ba'a? A wurin gwaji ya riƙa satar kallon yatsunsa, yana jiran ya ga abin ya fito. Bai fito ba. Ya ce a ransa munafukin ɓoyewa yake sai an shiga ɗauka.

Ranar da za a fara haɗa faifan, ya riga kowa zuwa. Injiniya ya fita waje amsa waya, ya bar kwamfutar a buɗe. Ɗan Tsirkiya ya zauna a kujerarsa, ya sake sauraron abin har ƙarshe. Sannan ya goge. Ya bi ta kwandon sharar kwamfutar ma ya goge. Abin da ya rage a wayoyi bai isa a sa a faifai ba, ya san haka.

Da suka hallara bai jira a tambaya ba.

"Ni na goge," ya ce, idonsa a kan Mai Gilashi. "Wanda ya kaɗa ta ya zauna a gabana ya sake, in ya isa."

Mai Gilashi ya cire gilashinsa, ya dubi Anti, Anti ta dubi Injiniya. Shi kuwa Injiniya ya dubi kwamfutar, sannan ya juyo wajen Ɗan Tsirkiya.

"Na ɗauka ka gane tun ranar farko, kunya ce ta hana ka magana," ya ce a hankali. "Tsohuwarka ba ta gyaru ba, Yaya, fitilarta kawai ke kamawa. Ranar da ka rufe ido kana kaɗawa, a akwatin nan na jona ka, na kuma ɗauka. Ita ce ka goge."