Allurar Huhu a Cinyar Yaya

Marin farko ya sami Auta yana durƙushe kan gawar karsana, hannunsa a wuyanta da ko sanyi bai gama yi ba. Na biyu ya kifar da shi cikin kashin shanu.

"Kai ka kashe ta!" in ji yayansa. "Kai ke barinsu su kwana cikin danshi, ragon banza!"

Ciwon huhu ne ya faɗo garken mahaifinsu. Shanu sai tari, majina na dalala, haƙarƙari na sama da ƙasa kamar zugazugi. Likitan dabbobi ya zo ya duba, ya bar musu kwalaben allura, ya nuna yadda ake ɗaga fatar wuya a soka. Sannan ya tsare su da ido ya ce maganin nan saniya yake warkarwa, amma in ya shiga jikin mutum zuciya yake tsayarwa, kuma ko asibiti ba ta da makarinsa.

Tun ranar Yaya ya riƙe makullin ɗakin ajiya. Shi kaɗai ke shiga, ya turo ƙofa, ya fito da sirinji a cike, wai kada tsautsayi ya faɗa wa ƙaninsa. Auta dai nasa kama ƙaho da ɗaure ƙafa. Bawan Allah har daɗi ya ji, ya ce ashe Yaya na sonsa. To, allura ake ta yi, shanu na ta faɗuwa, kuma duk wadda ta faɗi a kan Auta ake sauke ta. Baba ma ya daina amsa gaisuwarsa.

Yau kam abin ya wuce zagi. Yaya ya fizgo igiyar dabaibayi ya ninka, ya shiga tsula masa ta ko'ina. Leɓe ya fashe. Auta ya ja da baya yana kare fuska, Yaya ya bi shi da ƙafa a ciki, Auta ya yi baya ya bangaje tiren kayan allura. Hannunsa ya faɗa kan sirinjin da aka cika domin babban bijimi.

Wallahi bai yi tunani ba. Yaya ya ɗaga ƙafa zai sake taka shi, shi kuwa ya luma masa allurar a cinya, babban yatsa ya danne ta har ƙarshe.



Yaya ya zare sirinjin ya yar. Ya dubi cinyarsa, ya dubi ƙofar garke inda Baba ke tsaye da ma'aikata biyu, sannan ya sulale a hankali ya kwanta.

"Innalillahi! Yaya! Yaya, kada ka mutu!" Auta ya keta rigarsa ya ɗaure cinyar tamau, ya kafa baki yana tsotsar wurin yana tofarwa, yana ihu a kawo mota. Wannan mutumin ne fa ya goya shi ranar da uwarsu ta rasu.

Sandar Baba ta sauka a ƙeyarsa.

"Ka kashe mini dukiya, yanzu ka kashe mini ɗa?"

Ma'aikatan suka taya maigidansu, ɗaya da itacen shinge, ɗaya da ƙafa. Auta bai rama ba, bai ma kare kansa ba. A ganinsa abin da ya cancanta ke nan. Ya ji hannunsa na dama ya yi ƙas, ya ji haƙori a kan harshe. Ta cikin jinin da ya rufe masa ido ɗaya yana hango Yaya kwance, idanu a buɗe yana kallonsu, ƙirji na tashi yana sauka lafiya lau. Auta ya yi ta godiya ga Allah da har yanzu da sauran numfashi.

Sanda ta karye. Baba ya waiga ya rarumo gatarin saran harawa, hawaye na bin gemu. Ma'aikatan suka ja da baya, don ba su zaci abin zai kai nan ba.

"Gara in binne ku tare," in ji Baba, ya ɗaga gatarin da hannu biyu.

Auta ya runtse ido ya fara kalmar shahada. Saran bai sauko ba. Da ya buɗe ido sai ga Yaya tsaye da ƙafafunsa garau, ya riƙe ƙotar gatarin gam, ya kasa kallon kowa.

"Baba, ka bar shi, ba zan mutu ba," in ji Yaya. "Ruwan shayi nake ɗura wa shanun. Maganin na sayar da shi tun ranar da likita ya kawo."