Jiniyar Larabar Farko

Ranar Laraba, biyu ga Afrilu, 2025, garin Willmar na jihar Minnesota ya wayi gari da dusar ƙanƙara har idon sawu. Noreen Dvorak ta ja labulen ɗakin aikinta, ta cire rigar sanyi, ta sa wata shara-shara mai gajeren hannu. A sanin kamfanin da take wa aiki ta kwamfuta, ita a Oakland take, can California, inda ba ruwan kowa da ƙanƙara.

Shekara biyu ke nan ana haka. Kamfanin yana yanka wa ma'aikaci albashi ne gwargwadon tsadar garin da yake zaune. Lokacin da suke Oakland, ita da mijinta Russ duk suna aiki, haya da gidan raino suna lashe abin da suka samo, tagwayensu kuma sun fi sanin fuskar mai raino fiye da tasu. Sai suka tattara suka dawo Minnesota, suka sayi gida mai fili, Russ ya ajiye tuƙin babbar mota ya zauna da yara. Sanar da ofis ne kawai Noreen ba ta samu sukunin yi ba. Adireshin wata ƙawarta ne a takardunta har yau. Ranar da aka gano, kashi ɗaya cikin uku na albashin zai tafi, Russ ya koma kan titi, yara su koma hannun baƙi.

Russ ya leƙo da cokalin kunun yara a hannu. "Mutanen California, yaya zafi?"

"Kwashe takalman ƙanƙarar nan daga bayana, sarkin surutu. Ka riƙe yara da karen nan, minti ashirin kawai nake roƙo."

"Ki daina karkarwa dai. Ba a rawar sanyi a bakin teku."

Ganawa za ta yi ta bidiyo da Misis Prescott, shugabar sashen ma'aikata, wadda aka ɗora wa binciken adireshin masu aiki daga gida. Ana raɗe-raɗin cewa daga kukan tsuntsu ta taɓa gano ainihin garin da wani yake zaune. Ta sa lokaci ƙarfe sha ɗaya na California, wato ƙarfe ɗaya a Willmar. Noreen ta haddace yanayin Oakland na ranar, ta haddace sunan titin da ake gyara kusa da gidan ƙawarta. Bayan haka ba ta ga abin da ya rage ba.

Misis Prescott ta bayyana da gyale mai kauri a wuya, hoton gadar San Francisco a bayanta, fuska ba fara'a.

"Noreen, har yanzu kina adireshin da ke hannunmu?"

"Ina nan, Misis Prescott."

Ba ta rufe baki ba jiniya ta ɗauka.

Duk Larabar farkon wata, ƙarfe ɗaya daidai, ana gwada jiniyar gargaɗin guguwa. Mutanen garin sun saba har ba sa jin ta. Shi ya sa Noreen ta manta, shi ya sa kuma sai da ta yi daƙiƙa uku cur kafin hannunta ya kai ga kashe makirfo. Karen gidan ya riga ya miƙe wuya yana taya jiniyar.

Da ta ɗago ido, ta ga Misis Prescott ta riga ta kashe nata makirfon. Ta sunkuya gefe, bakinta yana motsi da sauri, tana nuni da yatsa kamar mai ba da umarni. Shi ke nan, Noreen ta ce a ranta, har ta fara kai ƙarata.

Minti guda suka yi suna kallon juna kamar kurame. Jiniya ta mutu. Muryoyi suka dawo.

"Motar asibiti ce ta wuce," in ji Noreen.

"Lallai doguwar mota ce." Misis Prescott ta gyara gyalenta, ta daɗe tana dubanta. "Ki cike fom ɗin tabbatar da mazauni da adireshin da muka sani, ki sa hannu da biro. Kada ki aika ofis. Ni za ki aiko wa kai tsaye, yau. Zan turo miki inda za ki aika."

Allo ya yi duhu.

"Tarko ne," Noreen ta ce wa Russ a kicin. "So take na sa hannu a kan ƙarya, ta samu shaida."

Russ yana goge wa ɗaya daga cikin tagwayen baki, ɗayan yana hawa ƙafarsa. Bai yi wasa ba wannan karon. "In kin ga a faɗi gaskiya, a faɗa. Lasisina na tuƙi bai mutu ba."

Ta dubi yadda yaron ya ƙanƙame wandon ubansa. Ta ɗauki biro ta rubuta Oakland, ta sa hannu.

Tana kan layi a gidan waya, da ambulan ba komai a bayansa, saƙon ya shigo wayarta. Ta jingina da kanta tana kwafa layi-layi: suna, sannan lambar gida da titi. A layi na uku, wurin sunan gari, biron ya tsaya: Willmar.

Ma'aikaciyar gidan wayan, wata dattijuwa da ta san kowa, ta karɓi ambulan ɗin ta karanta ta saman tabarau.

"Kan sarki za ki saya saboda wannan? 'Yar nan, ai bayan coci ne, gida mai koren ƙofa. Matar da mijinta ke zama da yara uku, mai karen nan da ke haukacewa in an busa jiniya."

Noreen ta biya, ta manna kan sarkin a tsanake, ta jefa wasiƙar a akwatin da aka rubuta wa "cikin gari".