Ƙaiƙayin Ƙafar Hagu

Tun da rana ta karkata mai aski yake juyi a kan gado, yana tsaki, yana dukan katifa da tafin hannu.

"Tsakanin ƙaramin yatsa ne da na kusa da shi," ya ce. "Kamar tururuwa ke cizo. Don Allah ki haɗa min ruwan khal ɗin nan."

Matarsa ta ci gaba da ninke wanki kamar ba da ita ake ba. Riga ɗaya ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa.

Shekarun baya, tsayuwar shago cikin rufaffen takalmi ta sa ƙafarsa wari, har yara kan watse daga falo in ya cire safa. Wani mai zuwa aski ya ba shi shawarar khal ɗin tuffa, ruwan tsamin nan na kwalba: kaɗan a ruwan ɗumi mai yawa. Ya kuwa yi aiki. Wari ya tafi, ƙaiƙayi ya lafa. Daga nan mai aski ya mai da khal maganin komai. Da dunduniyarsa ta tsage, sai ya daina sirkawa, ya riƙa tsiyaya shi zalla, yana dariya yana cewa shi ko zafi ba ya ji. Ba su san ciwon suga ne ya kashe masa jin ba, sai da wurin ya yi baƙi, suka kwashi makonni a asibiti.

Ranar da aka sallame su likita ya ja ta gefe. Mai ciwon suga, in ji shi, ba ya jiƙa ƙafa, balle a khal. Tana dawowa gida ta cilla kwalbar khal ɗin can saman kabad.

Yanzu ga shi. Ta kunna fanka, ya ce ta kashe. Ta kunna rediyo, ya juya wa bango fuska. Ta ba shi ƙwayar asibiti, ya haɗiye, ba a jima ba ya koma murƙususu, zufa na tsattsafo masa a goshi. Ta fita tsakar gida ta kira lambar likita, ba a ɗaga ba. Ta dawo, ta sake fita.

"Baban yara, ka san an hana."

"Ta hagu fa na ce miki! Me kuma zai ƙara yi mata?"

Muryarsa ta karye. Mutumin da bai zubar da hawaye ko sau ɗaya a asibiti ba, yau ga shi yana share ido da gefen zanin gado.

Ta taka kujera ta sauko da kwalbar. Ta zuba ruwan ɗumi a roba, ta ɗiga khal. Kafin ta ajiye robar, ta ɗaga ƙafarsa ta dama, ta naɗe ta da tawul, ta ɗora a kan matashi can nesa da ruwan. Ya matso bakin gado. Tsamin khal ya cika ɗakin.

Ya lumshe ido.

"Yauwa. Ɗan ƙara na ɗumi."

Ta ƙara. A hankali kafaɗunsa suka sauka, numfashinsa ya daidaita.

"Kin gani? Ya fara lafawa."

Ta gyaɗa kai, tana tsugune tana kallon ruwan da ko motsi bai yi ba. Sannan ta miƙa hannu ta gyara masa ƙafar wandon da ke reto a saman robar, wadda ta naɗe ta soke da fil a ƙasan gwiwa, daidai inda likitoci suka yanke.